Wuridi Ɗaya Ne Daga Fas Har Bako, To Ina Gardama Ta Fito?

A ce wani mutumin Bako, cikin garin Yola, ya ɗauko shanu ko busasshen kifin Binuwai, ya kwana biyu bisa hanya, ya sauka Agege ana kiran magariba. Bai san kowa ba, ba ya jin Yarbanci, Hausarsa ma da karin harshen Fillanci a ciki. Ya shiga masallacin da ya fi kusa, aka yi salla aka sallame, sai ya ga an jawo farin ƙyalle an shimfiɗa, mutane sun kewaye shi sun zauna. Nan take hankalinsa ya kwanta. Ba sai an gaya masa abin da za a fara da shi ba, ba kuma sai an taɓa shi an ce nan za a tsaya ba, don kuwa lissafin da ya baro a Bako shi ya tarar a Ikko. Kafin a yi lisha ya sami masauki, ya sami wanda zai nuna masa hanyar kara da safe.

Wannan shi ne abin da 'yan ɗariƙar Tijjaniyya su ke tinƙaho da shi, watau wuridinsu ɗaya ne duk inda ka je, daga Fas ta ƙasar Maroko har Yola, har Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal. Kuma wanda ya yi yawon fatauci ya san akwai gaskiya mai yawa cikin maganar.

Amma bari baƙon nan ya yi mako guda. Sai ka ji an fara yi masa tambayoyi. A hannun wa ka karɓa? Shi kuma wa ya ba shi izini? Me ya sa ka ke sakin hannu cikin salla? An yi maka tarbiyya kuwa? Wani ya ce ai cikakken ɗan'uwa ne, wani ya ce da saura. To, in wuridin ɗaya ne, ina waɗannan tambayoyi su ka fito? Kuma wa ke da ikon ya ce wane ɗan ɗariƙa ne, wane kuwa ba shi ba ne?

Ba mu zo yin fatawa ba, wannan aikin malamai ne. Amma maganar ta shafi limanci, ta shafi aure, ta shafi amanar kuɗi tsakanin fatake da masu masauki, kuma ta sha raba masallaci biyu a zangunanmu na Kurmi. Saboda haka ya kamata mu san asalinta.

ABIN DA AKA HAƊU A KAI

Shehu Ahmadu Tijjani an haife shi a Ainu Madi, cikin ƙasar Aljeriya, a 1737. Ya koma Fas da zama a 1798, can ya rasu a 1815, can kuma kabarinsa ya ke. Abin da ya bar wa almajiransa a ƙidaye ya ke, ba a ƙiyasce ba. Lazimi safe da yamma: istigfari 100, salati 100, hailala 100. Wazifa sau ɗaya a yini ko sau biyu, an fi so a yi ta cikin jama'a: istigfari 30, Salatil Fatihi 50, hailala 100, sa'an nan Jauharatul Kamali 12. Ran Juma'a kuma bayan la'asar a taru a yi hailala har faɗuwar rana. Ita Jauhara tana da nata sharaɗi, ba a karanta ta da taimama sai da alwalar ruwa, kuma a wuri mai tsarki. Wanda bai sami haka ba sai ya maye gurbinta da Salatil Fatihi 20.

Bayan lissafi akwai sharuɗɗa. Ba a haɗa wuridin da na wata ɗariƙa. Ba a ɗauka yau a ajiye gobe, alkawari ne har mutuwa. A kiyaye salloli biyar, a bi iyaye. Babban sharaɗi kuma shi ne izini: ko mutum ya haddace kome da kome daga littafi, ba a lissafa shi sai ya karɓa daga bakin muƙaddami, wanda shi ma ya karɓa daga wani, har sarƙar ta kai ga Shehu. Wannan sarƙa ita a ke kira silsila.

Duk wanda ya dubi wannan tsari zai ce ai ba ƙofar gardama. Adadi a bayyane, sharaɗi a bayyane. Amma tarihi ya nuna ba haka abin ya zama ba.

YADDA TA ISO YOLA

Ɗariƙar ta shigo ƙasar Hausa sosai ta hannun Alhaji Umaru Futi, wanda ya biyo ta Sakkwato a kan hanyarsa ta komowa daga Makka. Ya yi shekaru wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ya auri 'yarsa, bai tashi ba sai bayan rasuwar Bello a 1837. Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa gidan Ƙadiriyya ne. Tun daga wannan zamani aka fara ja-in-ja a kan suna, don waɗansu 'yan Tijjaniyya sun ce Bello ya karɓi wuridi kafin ya rasu, malaman fadar Sakkwato kuwa su ka ce faufau bai bar Ƙadiriyya ba. Ka ji, har wanda ke kwance cikin kabari bai tsira daga tambayar "na wace ɗariƙa ne" ba.

Cikin waɗanda su ka karɓa a hannun Alhaji Umaru akwai Modibbo Raji, almajirin Malam Abdullahi na Gwandu kuma surukinsa, babban malami a fadar Gwandu. Shekara da shekaru yana riƙe da wuridinsa a ɓoye, don zaman fada bai ba shi damar bayyanawa ba. Da ya ajiye aiki sai ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa Makka. Ya iso Yola wajen 1855, zamanin Lamido Lawal ɗan Modibbo Adama, wanda ya yi sarauta daga 1847 zuwa 1872, garin ma kansa bai daɗe da kafuwa ba, don a 1841 Modibbo Adama ya kafa shi. Hanya ba ta yi ba, Modibbo Raji ya zauna yana karantarwa har ya rasu a nan, kuma shi a ke lissafawa a kan wanda ya dasa Tijjaniyya a ƙasar Adamawa.

Abin lura a nan shi ne, shekarun da Modibbo Raji ya yi yana ɓoye wuridinsa, in da an tambayi mutanen Gwandu da sun rantse Baƙadire ne. Watau abin da jama'a ke gani daban, abin da ke tsakanin mutum da shehinsa daban. Wannan matsala ba ta rabu da mu ba har yau.

SABON BADUN, 1952

Mazauna Kurmi sun fi kowa sanin amfanin wuridi ɗaya, ko da ya ke ba kowa ya san yadda abin ya faro ba. Sabon Badun an kafa ta a 1916. Cinikin goro da shanu shi ne ranta, kuma ciniki ne na bashi: a ba da shanu yau, a karɓi kuɗi bayan kwanaki, ba takarda ba sa hannu, sai maganar mai gida da dillali. Irin wannan ciniki ba ya tafiya sai an san juna, an kuma ji kunyar juna.

Wani Bature mai binciken zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a Sabo cikin 1962 da 1963, ya fitar da littafi a 1969. Ya rubuta cewa tsakanin 1951 da 1952, lokacin da tasirin Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ya ke bazuwa, galibin mazajen Sabo su ka shiga Tijjaniyya, kuma a 1952 su ka daina zuwa babban masallacin gari, su ka tsai da Juma'arsu cikin unguwa. A ganinsa, lokaci ne da mulkin En'e ya fara sassautawa, siyasar jam'iyyu ta shigo, Hausawan Sabo su ka ji tsoron kada su narke cikin gari cinikinsu ya suɓuce. Wazifa ta kowace yamma ta zama abin da ke tara su, muƙaddamai kuma su ka zama masu faɗa a ji.

Malamai za su ce Baturen ya dubi kasuwa ya mance da Allah, kuma suna da hujjarsu, don mutum ba ya tashi da asuba ya ja carbi ɗari uku shekara arba'in saboda goro. Amma abu ɗaya ba a musu a kansa. Tun da lissafin ɗaya ne, baƙo yana iya nuna ko shi wane ne ba tare da ya buɗe baki ya yi bayani ba. Zamansa cikin da'ira ya zama kamar takardar shaida. Inda kuwa abu ya zama takardar shaida, dole a sami masu tambaya ko ta gaske ce, dole kuma a sami masu buga ta jabu.

SHA ƊAYA DA SHA BIYU

Gardama mafi zafi da aka taɓa yi a kan lissafin wazifa a ƙasar Mali aka yi ta, a kan ƙwayar carbi guda ɗaya tak. A garin Nyoro, Shehu Hamahullahi da almajiransa su ka ce Jauharatul Kamali sau 11 a ke karanta ta, don haka adadin ya zo cikin Jawahirul Ma'ani, littafin da Sidi Ali Harazimi ya rubuta tun Shehu Tijjani yana da rai. Zuriyar Alhaji Umaru Futi da masu binsu su ka ce 12 ne, haka su ka karɓa hannu da hannu. Ana ba da labari cewa wata rana Shehu ya iso wazifa a makare, almajirai su ka ƙara ɗaya don ya samu, bai kuwa hana ba, daga nan abin ya zauna.

Dubi yadda kowa ke da abin riƙo. Waɗannan sun ce mu ne na asali don muna bin rubutu. Waɗancan sun ce mu ne na asali don muna bin aikin da aka gada. Ba wanda ya ce ya zo da sabon abu. Kowane ɓangare cewa ya ke ɗaya ɓangaren ne ya kauce.

Turawan Faransa su ka shiga tsakani, ba don sun san Jauhara ba, sai don sun ga 'yan sha biyu sun saba da mulkinsu, 'yan sha ɗaya kuwa suna ja da baya. Su ka kori Shehu Hamahullahi daga garinsa a 1925, ya yi shekara goma a baƙin wuri. Bayan wani mummunan faɗa da aka yi a 1940, su ka sāke kama shi a 1941, su ka kai shi har Faransa, can ya rasu a farkon 1943. A Bandiyagara kuma akwai Cerno Bokar, malami daga cikin zuriyar gidan Alhaji Umaru, wanda ya je Nyoro a 1937 ya karɓi sha ɗaya. Danginsa su ka juya masa baya, aka rufe makarantarsa, ya rasu a 1940 kusan shi kaɗai. Duk a kan ƙwaya ɗaya.

ƘABALU DA SADALU

A Nijeriya ba a yi faɗan sha ɗaya da sha biyu ba, namu a kan hannu aka yi shi. Shehu Ibrahim Inyas, wanda aka haifa a 1900, ya bayyana a 1929 cewa Failar da Shehu Tijjani ya yi bushara da ita ta sauka a hannunsa. Ya sadu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji na 1937, daga baya ya riƙa zuwa Kano, manyan malaman gidan Salga su ka sallama masa, irin su Shehu Abubakar Atiku Sanka da Shehu Tijjani Usman Zangon Barebari da Shehu Sani Kafinga. Ta hannunsu abin ya game ƙasa, ya kai Adamawa, ya gangaro Kurmi.

Abu biyu su ka bambanta mutanen Faila da tsofaffin gidajen ɗariƙa. Na ɗaya tarbiyya, watau horon ruhi da a ke yi wa murida don ya kai ga sanin Allah, wadda dā sai ɗaiɗaikun mutane, yanzu aka buɗe ta ga tela da direba da mace cikin gida. Na biyu ƙabalu, watau ɗora hannun dama kan na hagu a ƙirji cikin salla, alhali kuwa mutanen ƙasar nan sun tashi sun tarar da iyayensu suna sadalu. Shehu Ibrahim ya rubuta littafi musamman yana kāre ƙabalu. Masu sadalu su ka ce cikin Mudawwana an ruwaito Imamu Malik bai so ƙabalu cikin farilla ba. Masu ƙabalu su ka ce to ai cikin Muwaɗɗa, littafin Imamu Malik kansa, hadisin ƙabalu ya zo. Kamar dai na Mali, kowa da littafinsa a hannu.

Abin mamaki, in ka duba sharuɗɗan wuridi daga farko har ƙarshe ba za ka ga inda aka ambaci ƙabalu ko sadalu ba. Mas'ala ce ta fiƙihu. Amma da ya ke hannu a fili ya ke, kowa na gani, sai ya zama tuta. Aka ƙi bin limami saboda shi, aka fasa aure saboda shi. A lardin Sakkwato an yi rigingimu a kan sha'anin ɗariƙa cikin 1949 da 1956 da 1965, har aka yi asarar rayuka. Yau ga shi a sahu ɗaya za ka ga mai ƙabalu kafaɗa da kafaɗa da mai sadalu ba wanda ya waiwaya, har yaran yanzu ba su san an taɓa zub da jini a kai ba.

MASU KAI ƘARA KOTU

Wannan tambaya ta wa ke ciki wa ke waje ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Bari mu leƙa wani gida mai nisa, ba don ya yi kama da ɗariƙa ba, don ko kusa ba su haɗa hanya ba a aƙida ko a ibada, sai don mu ga abin da ke faruwa in aka ce za a kashe gardamar da ƙarfin ofis da lauya.

A Amurka akwai wata ƙungiya mai suna Sayantoloji. Wani marubuci, Ron Hubbard, shi ya kafa ta. Ya fitar da littafinsa na farko a kan hanyar a 1950, aka buɗe cocinsu na farko a birnin Los Anjalis a 1954. Babban aikinsu zama ne na tambaya da amsa: mai neman waraka ya riƙe gwangwani biyu da a ka jona da wata na'ura mai allura, mai tambaya yana duban motsin allurar. Hawa hawa ne, kowane hawa da kuɗinsa. A 1965 Hubbard ya rubuta wata doka inda ya ce hanyar ta cika, kada wanda ya ƙara ko ya rage ko da kalma. Su na alfahari cewa zaman da a ke yi a Landan shi a ke yi a Johannasbag, ba bambanci. A 1982 su ka kafa ofis na musamman wanda ya mallaki sunan da alamomin a gaban doka, kamar yadda kamfanin sabulu ke mallakar tambarinsa.

To, gardama ta mutu? Ina! Tun Hubbard bai mutu ba, don a 1986 ya mutu, waɗansu manyan almajiransa su ka fita. Ɗaya daga cikinsu, David Mayo, wanda ya taɓa yi wa Hubbard kansa zaman tambaya, ya buɗe nasa wuri a 1983, cocin ta maka shi kotu aka yi shekaru ana shari'a. Waɗanda su ka fita su na kiran kansu 'yan Sayantoloji masu zaman kansu. Cocin kuwa sunan da ta ke kiransu da shi, in an juya shi da Hausa, shi ne kurege, kuma mai karatu ya san halin kurege cikin tatsuniya. Da cocin ta sāke tsarin horo a 1996, ta kuma sāke buga littattafan Hubbard a 2007 tana cewa na dā akwai kurakuran masu kwafa, sai na waje su ka ce to ga shi nan, ku ne ku ka canja, mu ne ke kan ta asali. In bugun dā kuskure ne, me a ke koya wa mutane shekara hamsin? In kuwa daidai ne, me ya kawo gyara?

Gwamnatoci ma ba su haɗu a kan suna ɗaya ba. Babbar kotun Ostareliya ta ce addini ne a 1983. Hukumar harajin Amurka ta yarda da haka a 1993. Kotun ƙoli ta Ingila ta ce a 2013 ana iya ɗaura aure a ɗakin ibadarsu. Amma a Faransa kotu ta sami reshensu da laifin zamba a 2009, aka tabbatar da hukuncin a 2013, a Jamus kuma 'yan sandan ciki su ka fara sa musu ido tun 1997. Ko yawansu ma gardama ne. Cocin ta sha cewa mabiyanta miliyoyi ne, amma a ƙidayar Ingila da Wales ta 2011 mutum 2,418 ne su ka rubuta kansu da sunan. Ya danganta ga wanda ka lissafa: wanda ya taɓa sayen littafi, ko wanda ke biyan kuɗi, ko wanda ya ce da bakinsa shi ɗan ciki ne.

Darasin a nan shi ne, ga mutanen da su ka mallaki suna a kotu, su na da hedkwata ɗaya da shugaba ɗaya da lauyoyi, amma duk da haka ba su hana wani ya ce "ni ne na gaske" ba. Iyakar abin da kotu ta iya shi ne ta hana mutum kafa allo a ƙofar gidansa. Ba ta iya shiga zuciyarsa.

MUDU UKU

In mun komo gida, za mu ga mudu uku a ke aunawa da su, kuma yawancin gardamar da a ke yi a rumfunan kara da ƙofar masallaci, dalilinta wannan ya ɗauki mudu ɗaya wancan ya ɗauki wani.

Mudu na farko shi ne abin da mutum ya kira kansa. Shi ya fi sauƙi, shi ya fi haɗari. Mutanen Kano ba su mance da 2015 ba, sa'ad da aka zargi waɗansu da a ke kira 'yan haƙiƙa da furta kalmomin ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a wurin wani mauludi. Gari ya hargitse, kotun shari'a ta yanke wa waɗansu hukuncin kisa a shekarar da farkon 2016. Su na jingina kansu ga Shehu Ibrahim, amma manyan shehunan ɗariƙa su ka fito fili su ka barranta, su ka ce wanda ya saɓa wa shari'a ba ya cikinsu ko da ya rataya hoton Shehu goma a wuya. Masu adawa da ɗariƙa kuwa su ka ce ai naku ne. Wake ɗaya ke ɓata gari, in ji Hausawa, amma adalci shi ne a tambaya ko waken ma daga buhun ya fito.

Mudu na biyu shi ne izini da silsila. Wannan ya fi ƙarfi, don ana iya bincikawa. Mutanen Yola da Jimeta su na da dalilin riƙe shi da kyau. A ƙarshen Fabrairu na 1984 mabiyan Maitatsine, ƙarƙashin Musa Makaniki, su ka ta da fitina a Jimeta, ɗaruruwan mutane su ka mutu, kasuwa ta ƙone. Waɗannan ba 'yan ɗariƙa ba ne, ba kuma 'yan Izala ba ne, amma sun koya wa kowa cewa tambayar "a gaban wa ka durƙusa ka yi karatu" ba raini ba ce, katanga ce. Sai dai shi ma wannan mudu yana da tasa ɓaraka. Silsila ba ɗaya ba ce, rassa ne da yawa: ta Alhaji Umaru, ta Kaulaha, ta sharifan da su ka riƙa zuwa daga Fas da Ainu Madi. Ba wani ofis ɗaya da ke riƙe da rajistar muƙaddamai. Ko halifancin Nijeriya, bayan Sarki Sanusi na ɗaya da Halifa Isyaka Rabi'u wanda ya rasu a 2018, da aka ambaci Muhammadu Sanusi na biyu a 2021 ba dukan gidajen ɗariƙa ne su ka yi na'am ba.

Mudu na uku shi ne aiki: yana salla a kan lokaci, yana lazimi, yana wazifa, yana da amana? Tsofaffin malamai wannan su ka fi dubawa. Amma shi kuma sai an zauna da mutum, ba a ganinsa dare ɗaya.

Kada wani ya ce wannan ciwon 'yan ɗariƙa ne kaɗai. Ƙungiyar Izala, wadda Shehu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978 da kiran a komo kan Sunna guda, ita ma ta dāre biyu a farkon shekarun 1990, ɓangaren Jos da na Kaduna, kowa na cewa shi ke kan tafarkin farko. Zo mu zauna zo mu saɓa, haka ɗan Adam ya ke.

GA MAZAUNA KURMI

To, me za mu riƙe? Da farko, cewar wuridi ɗaya ne gaskiya ce, in ana nufin lazimi da wazifa da zikirin Juma'a. Abin da ya rage, na hannu da na tarbiyya da na wane ne halifa, saɓani ne da ya girmi kakanninmu, ba kuwa a rumfar mai shayi ta Agege za a warware shi ba. Wanda ya tsaga masallacin zango saboda irin wannan, ya tuna masu masaukinmu su na kallo, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, in baƙon malami ya sauka ya ce shi muƙaddami ne, ba laifi a tambaye shi cikin ladabi, "Allah ya gafarta malam, a hannun wa aka karɓa?" Na gaskiya ba ya fushi da wannan tambaya, murna ma ya ke yi ya ambaci shehinsa. Yau kuwa ga waya a aljihun kowa, kafin shayi ya huce an tambayi Yola ko Kano ko Nguru. In ka ji an yanka wa wuridi farashi, ko an ce wane ya kai matsayin da salla ta faɗi a kansa, ka ɗauki takalminka.

Na uku, ga fatake da masu masauki: zama cikin wazifa shaida ce mai kyau, amma ba rasit ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. A zauna da'ira ɗaya da yamma, da safe kuma a rubuta adadin shanu da ranar biya, a sa shaidu. Wannan ba ya rage 'yan'uwantaka, tsare ta ya ke yi.

Mutumin nan na Bako da mu ka bari a Agege, in ya sayar da kayansa zai koma gida, wani kuma zai sauka a madadinsa gobe, daga Jimeta ko Mubi ko Garwa. A ba shi wuri cikin sahu, a ba shi ruwa, a tambayi abin da ya kamata a tambaya, a bar wa Allah abin da ke cikin ƙirji.

Allah ya haɗa kanmu, ya kai kowa gida lafiya, amin.